Shangai, Kalmar da Na Bi Daga Ɗanzomo Har Ikko

Tun da na dawo daga Ikko ban huta da tambaya ba. A kasuwar Sule Tankarkar a tare ni, a bakin masallaci a tare ni, har a wurin zaman makoki wani ya matso ya ce mini, "Idi, wai da gaske ruwan nan ba a hango ƙarshensa?" Na yi ta ba da labarin har na fara jin yana sauya kama a bakina. To, yanzu hannuna ya ɗan faɗa da rubutun boko, wanda nake koya wurin wani malamin ofis duk ranar da na shiga Gumel, sai na ce bari in ajiye shi a takarda yadda ya faru. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in samu in koma gona.

Ba fatauci ne ya kai ni ba. Kalma ɗaya ce ta tashe ni daga Ɗanzomo.

Ƙanena Habu, uwa ɗaya uba ɗaya, ya bi masu kora shanu zuwa Kurmi, can kudu, bayan girbi, ya bar matarsa Ladi da goyo. Abokan tafiyarsa suka dawo, shi bai dawo ba. Damina ta zo ta wuce, aka sake girbi, shiru. Sai labari ya zo baki-baki. Wani Badamagare mai suna Mamman, wanda suka kora shanu tare, ya faɗa wa wani mahauci cewa an yi wa Habu shangai. Mahauci ya faɗa wa wanzami. Kafin maganar ta iso ƙofar gidanmu ta zama, "Habu yana can Ikko yana shan gai." Babu wanda ya san mene ne gai, amma kowa ya yarda cewa abin da mutum zai sha har ya manta hanyar gida ba fura ba ce. Cikin mako guda, duk wanda ya yi tuntuɓe a hanya sai a ce ya sha gai.

Da rani ya yi nisa ana ta maganar, Baba Tanko, mahaifin Ladi, ya zo ya same ni a zaure. Dattijo ne mai magana ɗaya.

"Idi, ni ban ba mashayi 'yata ba," in ji shi. "Na ba ku daga yau zuwa ruwan shuka. In ruwan shuka ya sauka babu Habu, zan ɗauke ta mu je gaban alƙali a raba auren."

Na ce, "Baba, ai ba mu ma san abin da kalmar take nufi ba."

"Kai ne ba ka sani ba. Ni kunnena ya ji sha."

Da ya fita, Ladi ta yi magana daga bayan zana, don ba ta haɗa ido da ni, ni ne wan mijinta. Ta ce, "Yaya, shi ko taba ba ya sha. Ka tambayo mini ma'anar abin nan. In na sani, duk abin da za a yi a yi."

Washegari na ɗaura wa jaki akumari.

Na fara da Maigatari, don in ji maganar daga bakin mai ita. A kasuwa aka ce mini ƙauyen su Mamman yana tsallaken iyaka, cikin ƙasar Faransa. Ban taɓa ƙetarawa ba tun da Turawa suka raba ƙasar, na zaci zan ga wani abu kamar ganuwa. Ashe wani ƙarfe ne aka kafa a tsakiyar gona, kututturen gero ta kudu, kututturen gero ta arewa. Azahar ta yi, sai na ɗaure jakina a jikin ƙarfen na tsuguna ina alwala.

Ban kai ga wankin ƙafa ba sai ga wani gardi, wato ɗan sandan Faransa, da jar hula, yana tafe yana huci.

"Kai na Ingila, wannan turken gidanku ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ga babu kowa a jiki."

"Babu kowa? Gwamnati biyu ce a jiki."

Ya sa na kwance jakin na riƙe shi a hannu har ya gama faɗansa. Amma da ya ji abin da ke tafe da ni sai ya sauko, har ya raka ni rabin hanya. Ya gargaɗe ni cewa in na gamu da Baturensu in cire hula in ce masa mushe. Na tsaya na dube shi, na zaci so yake ya sa a ɗaure ni. Ya rantse haka ake girmama babba a harshensu. Na yi ta juya abin a raina. A garinmu ka ce wa mutum mushe sai an raba ku da sanda, a nan kuwa gaisuwar manya ce. Tun daga wurin na fara zargin kunnen Baba Tanko. In mushe ba mushe ba ne, ta yiwu sha ma ba sha ba ne.

Mamman ya karɓe ni da fura mai tsami irin tasu. Da na faɗa masa yadda maganarsa ta koma, sai ya ajiye ludayi.

"Ni ban ce yana sha ba. Cewa na yi an yi masa. Mun sayar da shanu, saura raguna biyu. Wani ya ce ana son su a jirgin ruwa, Habu ya ja su ya tafi bakin kwata, inda jirage ke tsayawa. Har la'asar bai dawo ba. Na je ina ta tambaya, sai wani ɗan dako ya nuna teku da haɓa ya ce, mutuminka shangai. Na ce me? Ya sake cewa shangai, ya ɗauki buhunsa ya wuce."

"Ba ka tambayi wani ba?"

"Ayari zai tashi, Idi. Kuma ni, tsakani da Allah, tsoron ruwan nan nake ji."

Na dawo ta Gumel, na biya wurin wani malami da ake ji da shi a Larabci. Ya sa na maimaita kalmar sau uku, ya buɗe littafi ya rufe, ya ce ba ta Larabawa ba ce, ba kuma ta Barebari ba, amma in na samo ma'anarta in biyo in faɗa masa. Daga nan na shiga ayarin masu kai fata Kano. A Gagarawa muka ya da zango, inda jakina ya cinye wa wata mai ƙosai faifai. Ta bi ni da zagi har bakin rijiya. Da ta gaji ta tambayi inda za ni, na ba ta labari, sai ta ƙunsa mini ƙosai ta ce in kai wa Habu. Na ce zai lalace kafin Ikko. Ta ce to in ci a madadinsa, amma kada in ba jakin. Kwana biyar muka shiga Kano, na bar jakin wurin wani ɗan garinmu a Fagge.

Jirgin ƙasa, ga wanda bai gani ba, ɗakuna ne a jere bisa ƙafafun ƙarfe, wani baƙin abu mai huci yana jan su. Na zauna bakin taga don in ga duniya, kafin Zariya tartsatsin wuta ya huda mini riga wuri uku. Da lokacin salla ya yi na tambayi gabas, aka nuna mini, na tayar. Kafin in yi ruku'u jirgi ya karya kwana, rana ta koma ɗaya kafaɗar. Wani dattijo Bazazzagi ya ce in ci gaba, Allah ya san ba ni na juya ba.

Matan Yarabawa ne suka fi yawa a ɗakinmu, kowace da kwanduna kamar za ta ƙaura. A wurinmu maza ke fatauci mata suna gida, su kuwa su ne fataken. Wata a cikinsu ta ga ina gurgurar ƙuli-ƙuli, ta miƙo mini wani farin abu naɗe cikin ganye, kamar kunu da ya daskare. Ban ga yadda ake ci ba, na gatsa har da ganyen. Ɗakin duka ya ɗauki dariya. Ta karɓe ta ɓare mini kamar yadda ake yi wa ɗan yaye, ta zuba wata jar miya a kai. Miyar nan, jama'a, tasha uku muka wuce ina share hawaye.

Bayan mun haye babbar gadar Kwara a Jebba, akawu mai duba tikiti ya zauna kusa da ni ya huta. Mutumin Lokoja ne, ya yi makarantar Turawa, yana kuma jin Hausa. Na ga dama ta samu, na tambaye shi.

"Shangai? Ai sunan gari ne," in ji shi. "Babban birni a bakin teku, a ƙasar Sin. Na gan shi a taswira."

Sin fa! Sin da malamai ke ambata in suna son su ce ƙarshen duniya. Na ce, "To yaya za a yi wa mutum gari? An ce an yi masa ne."

Ya ce wannan kam bai sani ba. "In satar mutum kake nufi, Turawa kidinaf suke cewa. Kalma biyu ce aka haɗa. Kid ɗan akuya ke nan, amma haka suke kiran yaro a maganar kan titi. Naf kuwa fizgewa. Malaminmu ya ce a da can ana sace yara a garuruwansu, a haye teku da su, a kai su aikin gona."

"Yaran su wa?"

"Yaransu. Farare."

Sai na tuna gida. Ina ƙarami, in aka hango ƙurar mahaya daga arewa, uwarmu cikin rumbu take jefa mu ta rufe, don wanda aka kama a gona sai dai labari. Na zaci wannan ciwon namu ne mu kaɗai. Ashe su ma da suka zo suka hana, sun daɗe da shi har ya bar musu kalma.

Muka sauka a tashar Ido, bakin Ikko, rana ta uku. Garin ba zan iya kwatanta shi ba sai dai in ce kullum ranar kasuwa ce, iskarsa kuma kamar an jiƙa zane an rufa maka. Na nemi unguwar Hausawa, na sauka gidan mai masaukin da masu shanun ƙasarmu ke sauka. Ya tuna Habu, har ya nuna mini tabarmarsa da ya ajiye, amma ya ce tun ranar ragunan bai sake ganinsa ba. Abinci teba ce da manja, safe da yamma. Kwana biyu ina neman nono kamar mai neman magani.

Teku kuwa, i, gaskiya ne, ba a hango ƙarshenta. Na tsuguna zan yi alwala na kurkure baki, sai na tofar. Gishiri ne zalla. Na tuna yadda muke jiran raƙuman Azbin su kawo mana kantun gishiri, ga shi nan ana wanka a ciki.

Kwana huɗu ina zarya a bakin kwata. Duk wanda na ce wa shangai sai ya yi dariya ko ya kaɗa kai. Daga ƙarshe wani ya nuna mini wani tsoho Banufe da ke sayar da soyayyen kifi a gindin bango, ana ce masa Baba Ndagi. Ya fara da jiragen Kwara, ya koma na teku, ya yi shekaru yana dafa wa ma'aikata abinci har idonsa ya raunana. Na gaishe shi, na zauna, na kwashe labari tun daga mahauci. Da na zo kan shan gai sai ya yi dariya har ya ƙware.

"Ku Hausawa komai sai kun sha. Ku sha iska, ku sha wuya, ku sha kashi, yanzu kuma kun shanye birni guda."

Na ce, "Baba, ashe dai garin ne?"

"Gari ne, akawu bai yi ƙarya ba. Amma kalmar ba a can aka haife ta ba. Tsofaffin ma'aikatan da na tarar sun ce a bakin tekun Amirka ta fito, zamanin da iska ke tura jirage da manyan ƙyallaye, kafin na wuta su yawaita. Daga can jirage kan tashi zuwa Shangai ɗauko kaya. Tafiya ce ta watanni, abinci ya ruɓe, mutane su mutu, babu mai son zuwa. Jirgi kuwa ba ya tafiya babu hannu. Sai masu jirgi suka riƙa haɗa baki da wasu 'yan iskan gari. A ja mutum gidan giya a zuba masa wani abu a kofi, ko a kwaɗa masa kulki a ƙeya. In ya farka, ƙasa ta ɓace, ruwa gaba ruwa baya. Matarsa ta zo nema, a ce mata ai an kai shi Shangai. Da aka daɗe ana faɗa, sunan garin ya zama sunan aikin."

"Ko ba can aka kai shi ba?"

"Ko ina aka kai shi. Yawancin waɗanda aka yi wa shangai ba su taɓa ganin Shangai ba."

Abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Mu muna cewa kananci, muna cewa zazzaganci, amma ban taɓa jin an ce an yi wa wani kano ba. Na kuma ga cewa kunnen Baba Tanko bai ɓata gaba ɗaya ba. Akwai sha a cikin maganar, sai dai shayar da kai ake yi.

Baba Ndagi ya juya kifinsa ya ce, "Yanzu abin ya yi wuya, hukuma ta hana. Amma in cuta ta kwantar da masu zuba wa jirgi kwal a wuta, ga lokacin tashi ya yi, akan samu marar tsoron Allah. Ƙanen naka dogo ne, mai tsaga a kumatu, in zai yi magana sai ya sosa ƙeya?"

Na miƙe tsaye ban sani ba.

"Zauna. Yana sayen kifi a nan. Jirginsu ya dawo sau biyu. Yana kwana wurin mutanen Kuru a bayan kwata, waɗanda aikin jirgi ne gadonsu. Ba ya bi ta unguwarku."

A can na sami Habu yana wanki, da gajeren wando da wata riga marar hannu. Ya rame, kafaɗunsa sun buɗe, hannuwansa duk tabon ƙuna. Da ya gan ni ya durƙusa, ya ce, "Yaya." Na ɗaga shi. Muka gaisa kamar jiya muka rabu, na faɗa masa kowa lafiya, 'yarsa har ta fara gudu.

Ya ba ni labari. An ce ya shigar da ragunan can ƙasan jirgi. Da ya ɗaure su aka ce ya zauna a kawo masa kuɗinsa, aka miƙo masa shayi, aka ja ƙofa. Yana zaune sai ya ji daɓe yana rawa a ƙarƙashinsa.

Na ce, "Ashe dai ka sha."

"Shayi ne, Yaya. Ko sukari babu."

Ingila aka kai shi, wani gari wai shi Libaful. Ya ce ya ga ruwan sama yana saukowa fari kamar auduga, ya ga Bature yana dako, ya ga Bature yana bara. Na tambaye shi abin da ya hana shi zuwa gida da jirgi ya dawo. Ya sosa ƙeya. Ya ce ranar da ya sauka ya gamu da wani mai kora shanu daga wajenmu, mutumin ya ja da baya ya ce, "Habu, ka daina shan gai ɗin?" Daga nan ya san abin da ake faɗa a gida, ya koma jirgi da ƙafarsa.

"Wa zai yarda, Yaya? In ce an sace ni, ƙato da ni, da kofin shayi? Kuma ba zan ɓoye maka ba, ruwan nan yana da wani abu. In ka saba, ƙasa sai ta yi maka ƙunci."

Na faɗa masa wa'adin Baba Tanko. Ya daɗe yana murza rigar da ke hannunsa, sannan ya ce jirginsu zai tashi bayan kwana huɗu, bai dangwala yatsa a takarda ba tukuna, amma zai dangwala. Zai ba ni turmin atamfa in kai wa Ladi, da saƙo.

Ban yi gardama da shi ba. Na san Habu tun yana rarrafe, in ka ja shi gabas yamma zai yi. Kwana biyu muna yawo yana nuna mini gari. Rana ta uku da safe na je tasha ni kaɗai, na yanki tikiti biyu, na sa a aljihu.

Ya rako ni ɗauke da huhun goron da na saya na tsaraba. A bakin jirgi na ce bayana yana ciwo, ya shigar mini da shi har ƙarƙashin benci. Ya shigar. Na ce ya zauna daga ciki, bakin taga, ya sake faɗa mini saƙon Ladi, don kaina ba ya riƙe magana. Na zauna ta bakin hanya. Matan Yarabawa, Allah ya saka musu, suka yi ta shigowa suna jibge kwanduna har hanya ta toshe.

"Ka ce mata ban sha komai ba sai shayi. Ka ce in ta ga za ta iya jira..."

"Tsaya. Daga farko."

Ya sake. Na ce atamfar fa, in ce daga ina? Yana cikin bayani jirgi ya yi kuwwa, benci ya girgiza. Ya yunƙura, na riƙe masa wuyan hannu.

"Yaya, jirgi yana tafiya."

"Na ji."

"Ba ni da tikiti."

Na zaro biyu na ɗora a cinyarsa. Ya daɗe yana dubansu. Na zaci zai yi fushi, na kuma shirya wa fushin. Sai ya ce, "Ka san abin da ka yi mini?"

"Faɗi."

"Ka yi mini gumel."

Muka yi dariya har matan suka juyo suna kallonmu, amma tasa ba ta daɗe ba. Ba a jima ba jirgi ya tsaya a Ebute Meta, tasha ta gaba, inda har yanzu ana jin ƙanshin teku. Na saki hannunsa, na janye ƙafafuna, na ce, "Ga ƙofa. Su ba su buɗe maka ba, ni na buɗe." Ya tashi, ya tsallake kwanduna, ya sauka. Ban leƙa taga ba. Na zauna ina duban tikitinsa a kan benci, ina shirya abin da zan faɗa wa Ladi. Jirgi ya yi kuwwa, ya fara ja. Sai ga shi ya faɗo ciki yana haki, da nonon ayaba a hannu.

"Hanya da nisa," in ji shi, ya zauna.

A Kano muka ɗauki jaki muka kama hanya cikin zafin bazara. Kullum da yamma ina duban gabas. Muna Gagarawa hadari ya haɗu, aka yi ruwa. Ba mai yawa ba, amma ruwa ne. Daga ranar muka daina hutun rana. Kwana biyu bayan haka, muna gab da gida, aka kwana ana zuba wani kamar da bakin ƙwarya.

Da hantsi muka shiga Ɗanzomo. Tun a bakin rijiya mata suka ba mu labari. Wai washegarin ruwan farko Baba Tanko ya zo ɗaukar 'yarsa. Ladi ta ce ya biyo ta bayan gida. Ta tona ƙasa da hannu, yatsa uku sai ga busasshen rairayi. Ta ce, "Baba, ruwan shuka ka ce. Wa zai zuba iri a nan?" Ya duba, ya ce ta yi gaskiya, ya tafi. Amma ya ce ruwa na gaba shi zai tona da kansa.

A bayan gidan muka same shi, tsugune, hannunsa cikin rami. Ladi tana tsaye jikin zana da ƙullin kayanta a ƙasa, 'yar tana riƙe da zanenta. Muka yi sallama. Habu ya cire takalmi ya durƙusa. Dattijon ya dube shi tun daga hula har tabon hannuwansa.

"Ka sha?"

"Shayi, Baba."

Na matso na ce, "Baba, gari ne a ƙasar Sin, Turawa suka mai da sunansa..."

"Idi, ka ajiye wannan sai an yi sallar la'asar, ina son in ji shi da kyau." Ya zaro hannunsa daga ramin ya miƙe, ya juya wajen 'yarsa. "Ke, mai da kayanki ɗaki. Ƙasa ba ta jiƙa ba tukuna."

Na dubi hannun. Laka ce har gwiwar hannu, tana ɗiga. Duk mun gani. Ladi ta sunkuya ta ɗauki ƙullinta ta shige.

Iyakar tafiyata ke nan, wanda ya ji wani abu daban ba daga bakina ya ji ba. Washegari da sassafe muka fita shuka, ni ina sara, Habu yana binne iri a bayana.